Maus Ba Shi Da Laifi, Ɓoye Shi Ne Ha'inci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana haddasa faɗa tsakaninmu masu buga wasannin harbi a PlayStation da Xbox. Na san akwai masu karatun da za su ce maganar gem ba ta kai a kawo ta jarida ba. Ni kuwa ina ganin duk inda mutane suka taru suna gasa, dole maganar gaskiya da maguɗi ta taso, kuma tana ci wa waɗanda abin ya shafa rai.

Abin da ake faɗan a kansa wata 'yar adafta ce da ba ta fi tafin hannu ba. Sanannu a cikinsu su ne XIM da Cronus Zen da ReaSnow. Ana jona ta a jikin na'urar wasa, a jona mata maus da kibod, sannan a haɗa ta da pad na asali, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan da shi, domin shi na'urar take tantancewa kafin ta yarda. Daga nan sai adaftar ta riƙa karɓar motsin maus tana mayar da shi motsin analog, wato 'yar abar nan da ake murzawa da babban yatsa. Na'urar tana zaton pad ne, wasan ma haka, abokan karawa ma haka. Mutum ɗaya ne kaɗai ya san gaskiya, shi ne mai riƙe da maus ɗin.

Wanda bai taɓa buga irin waɗannan wasanni ba zai tambaya, to mene ne a ciki? Bambancin babba ne. Da maus, iya nisan da hannunka ya ja, iya nisan da saitin bindiga zai tafi, kuma wuyan hannu da damtse duk suna taya ka. Da analog kuwa, ba wurin da kake so kake nunawa ba. Kana gaya wa wasan ne ya juya ta nan da gudu kaza, sai ka saki yatsa a daidai lokacin da ya kamata, ko ka zarce ko ka gaza. Masu ƙera wasanni sun san wannan wahala, shi ya sa suka sa wa pad tallafin saiti: idan saitinka ya zo kan abokin gaba sai ya rage gudu, wani lokacin ma ya ɗan bi shi idan ya motsa. Tun wasan Halo na farko a 2001 wannan dabara ta zauna da gindinta, kuma da ita ce harbi da pad ya zama abin jin daɗi. An yi ta ne don babban yatsa. Mai adafta yana da daidaiton maus, ga kuma tallafin da aka tanadar wa wanda ba shi da maus. Cin tudu biyu ke nan.

Masu adafta suna da amsarsu, kuma zan faɗe ta yadda take. Suna cewa abin bai kai na kwamfuta ba, kuma gaskiya ne. Na gwada a wurin wani abokina, na ji yadda yake. Kowane wasa yana da iyakar gudun da analog zai iya juya mutum, saboda haka ko ka fizgi maus da ƙarfi, juyawar ba ta wuce wannan iyaka. Sai an ƙure saurin saiti a cikin wasan, an ɗora tsarin da aka yi wa wannan wasa musamman, duk da haka wanda ya saba da kwamfuta zai ji kamar akwai ɗan nauyi a hannunsa. Na yarda da duk wannan. Sai dai ai ba da 'yan kwamfuta suke karawa ba. Da masu pad suke karawa, kuma da su ya dace a auna su. A Rainbow Six Siege babu ma tallafin saiti idan mutane suna karawa da juna, amma a nan kukan ya fi yawa, domin wasa ne da harsashi ɗaya a ka yake gama mutum, kuma mai kibod yana leƙe dama da hagu cikin sauƙin da mai pad ba zai samu ba.

Waɗanda ke ɗora wa adafta umarnin da zai riƙe musu bindiga kada ta yi tsalle lokacin harbi, ko ya riƙa danna kunama da saurin da yatsan ɗan Adam ba zai iya ba, su kam ba sai an tsaya muhawara ba. Na'ura ce take buga musu wasan.

Abin da ya fi ɓata min rai ba cin da suke yi ba ne. Zargi ne da suka shuka a tsakaninmu. Ƙanena yana buga Siege da pad, ya ba shi lokaci sosai har hannunsa ya faɗa, amma yanzu duk ranar da ya taka rawar gani sai saƙon zagi ya shigo masa cewa ai XIM yake amfani da shi. Ba shi da hanyar wanke kansa. Ni ma idan aka harbe ni da wani irin sauri, maimakon in ce wannan ya iya, sai in tsaya ina kallon maimaicin ina neman alamar maus. An kai matsayin da gwaninta ba ta jawo yabo sai tuhuma.

Kamfanoni sun daɗe suna kallo kafin su motsa. A watan Afrilun 2023 Ubisoft ya saka wa Siege wani tsari mai suna MouseTrap, wanda a lokacin idan ya gano mai adafta ba ya korarsa, sai ya riƙa ƙara masa jinkiri tsakanin motsin hannunsa da abin da ke faruwa a allo, har sai ya koma pad. A wannan watan dai Activision ya fara gargaɗi da dakatar da masu irin waɗannan na'urori a Call of Duty, Bungie ma ya fitar da dokarsa a kan Destiny 2. A Nuwamban wannan shekara Microsoft ya fara toshe kayan da bai amince da su ba a Xbox, sannan a Janairun 2024 wata sabuntawar PS5 ta tsayar da Cronus Zen. Amma duk lokacin da aka toshe wata kafa, masu ƙera adafta sai su nemo wata.

Ni a ganina, tun 2017 Jeff Kaplan, wanda ke jagorantar wasan Overwatch a lokacin, ya nuna hanyoyin da suka rage. Ya nemi masu ƙera na'urorin wasa su zaɓi ɗaya: ko su hana maus da kibod gaba ɗaya, ko su buɗe su a fili ga kowa. Ta biyun nake goyon baya. Ba abu ne mai wuya ba, domin tun Nuwamban 2018 Xbox One ya fara karɓar maus da kibod kai tsaye a wasannin da suka yarda, kuma Call of Duty: Modern Warfare na 2019 ya karɓe su a PlayStation da Xbox. Idan wasa ya san abin da ke hannunka, zai cire maka tallafin saiti ya haɗa ka da ire-irenka. A 2024 Blizzard, kamfanin da ke yin Overwatch, ya ɗauki matakin da ya fi kwanta min: wanda aka ci gaba da kamawa da adafta a Overwatch 2, a hana shi wasan neman matsayi, a tura shi cikin masu maus ba tare da tallafi ba. Maus yake so, an ba shi.

Kuma a nan ne ake gane niyyar mutum. A Call of Duty za ka jona maus kai tsaye ya yi aiki, amma har yanzu akwai masu bi ta adafta. Me suke nema in ba tallafin da ba nasu ba? Har a kwamfuta an samu masu ɓoye maus ɗinsu a matsayin pad, sai da Activision ya sanar a farkon 2024 cewa wasan zai rufe kansa idan ya gano haka.

Akwai mutanen da ba zan yarda a haɗa su da masu maguɗi ba, wato masu lalurar hannu. Wani babban yatsansa ba ya motsi, wani ba ya iya riƙe pad ko na ɗan lokaci, kuma adafta ce take ba shi damar haɗa kayan da jikinsa zai iya sarrafawa. Xbox Adaptive Controller na 2018 da Access na PlayStation da ya fito a Disamban 2023, waɗanda aka ƙera musamman don masu lalura, sun taimaka ƙwarai, sai dai lalura iri-iri ce, na'ura ɗaya ba ta ishi kowa ba. Bungie ya kyauta da ya fayyace cewa dokarsa ba ta hau kan mai amfani da kayan taimako don ya iya buga wasan ba. Toshewar kan mai uwa da wabi waɗannan bayin Allah take fara cutarwa, alhali in an buɗe ƙofar maus a fili, da yawansu ba su da sauran dalilin ɓuya.

Ga ɗan'uwa mai shirin sayen adafta kuwa, ka fara duba ko wasanka yana karɓar maus kai tsaye, domin da yawa suna karɓa yanzu. In ba ya karɓa, ka buga shi a kwamfuta inda kowa ke riƙe da irin abin da kake riƙe da shi, ko ka yi haƙuri ka koyi pad. Ka kuma sani cewa asusun da ka tara wasanninka da matsayinka a ciki shi kake sakawa a haɗari, domin idan aka rufe shi, mai ƙera adaftar ba zai dawo maka da komai ba.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani mai karatunku kuma mai buga wasa da pad