A gwada durowa da kaya a ciki kafin a sayi kabad ɗin fayil

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana a kan abin da ma'aikatan ofis ke kokawa da shi kullum amma ba a cika kawo zancensa ba, wato durowar kabad ɗin ƙarfe da ake ajiye fayil. Sana'armu ce ƙera kayan ofis da gyara su. Abin da muke so masu saye da 'yan'uwanmu masu ƙira su ji shi ne, durowar da sai akawu ya sa hannu biyu ya tokare da ƙafa kafin ta buɗe, yawanci tun daga wajen ƙira aka cuce ta, ko kuma ranar da aka girke ta. Mai saye yakan duba fenti da makulli da yawan durowa, ya ja wadda babu komai a ciki ya ji ta sumul, shi ke nan ya sa hannu. Abin da ya kamata ya duba yana ɓoye a gefe, tsakanin durowa da jikin kabad.

Mu fara da nauyi, domin mutane suna raina nauyin takarda. Fallen A4 na takardar ofis ta yau da kullum giram 5 ne. Rim ɗaya mai falle 500 ya zama kilo 2 da rabi, kaurinsa kuma kusan santimita 5. Durowar da zurfinta ya kai santimita 60 za ta ci kwatankwacin rim 12, kilo 30 ke nan, ban da nauyin ita kanta durowar. Kabad mai durowa huɗu idan ya cika yana ɗauke da kusan kilo 120. Kayan kowace durowa a kan layukan ƙarfe biyu yake shiga da fita, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma su ne ke yanke hukuncin ko durowa za ta biyo yatsa biyu ko sai an yi gumi.

Layin durowa iri uku ne a kasuwa. Akwai wanda ƙarfe ke gogar ƙarfe kai tsaye ba taya ba komai. Busasshen ƙarfe a kan ƙarfe yakan buƙaci ƙarfin ja da ya kai kusan rabin nauyin da ke kai, don haka durowa mai kilo 30 sai a ji kamar ana jan kilo 15. Wannan bai dace da fayil ba ko kaɗan. Akwai mai 'yan tayoyin roba, wanda ya isa durowar tebur ta biro da hatimi, amma idan aka danne shi da takarda tayar takan baje gefe ɗaya, ko ƙusar da take juyawa a kai ta lanƙwashe, sai durowa ta riƙa tafiya tana tsalle. Na ukun shi ne mai boris, kuma a kansa za mu daɗe.

Layi mai boris da ya dace da fayil gaɓa uku gare shi. Ɗaya a ɗaure take a jikin kabad, ɗaya a jikin durowa, ta uku tana tsakaninsu tana zamewa. A tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai jerin ƙananan ƙwallayen ƙarfe, a cikin wani siririn falle mai huji-huji da ke riƙe su don kada su taru wuri ɗaya. Gaɓar tsakiya ita ce sirrin abin. Ita ke ba durowa damar fitowa gaba ɗaya daga cikin kabad alhali har yanzu akwai ƙarfe mai tsawo da ke tallafe da ita. Layi mai gaɓa biyu ba ya iya haka, iyakarsa kashi uku cikin huɗu. A durowa mai santimita 60, santimita 15 na baya za su zauna cikin duhu, kusan falle 1,500 ke nan waɗanda sai an cusa hannu ana lalube, ana yayyaga bakin fayil, wani lokacin ana yankewa a bakin ƙarfe. Fayilolin da ake cewa sun ɓata, da yawa a wannan lungun suke kwance. Saboda haka duk wanda zai rubuta bayanin kayan da ofis ke so, ya rubuta ƙarara cewa durowa ta fito duka. Akwai ma layin da ke wuce bakin kabad da kamar santimita 2 da rabi, wanda ya fi dacewa idan mariƙin durowar sama yana tare ta ƙasa.

Kowane layi na kirki yana da adadin nauyin da masu yin sa suka ce zai ɗauka. Wanda aka fi samu, mai faɗin milimita 45, ana rubuta masa kilo 45. Wannan ya wadatar da doguwar durowa mai zurfi. Amma a sani an gwada adadin ne a kan wani tsawo da faɗi na musamman, kuma idan layi ya ƙara tsawo ko durowa ta ƙara faɗi, abin da zai iya ɗauka yana raguwa. Kabad mai faɗi, wanda ake jera fayil daga hagu zuwa dama, durowarsa mai santimita 90 takan haura kilo 40 idan ta cika, don haka a nema masa layin kilo 70 zuwa sama. Nan ne masu ƙira da yawa suke rage kuɗi, domin wuri ne da ido ba ya kaiwa. Araha ba ta ado: ƙwallayen kan sassaƙa rami a cikin siririn ƙarfe, gaɓar ta buɗe baki, ƙwallaye su zube ƙasan kabad ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai layi mai tsada ma ba ya aiki a cikin karkataccen gida. Irin wannan layin yana son tazarar milimita 12.7 a kowane gefe, wato rabin inci, kuma abin da yake yafewa bai kai milimita ɗaya ba. Idan tazarar ta gaza, ƙwallaye su matse, durowa ta yi tauri. Idan ta yi yawa, gaɓoɓin su riƙa janyewa daga juna, durowa ta riƙa rawa. Dole layukan biyu su zama daidai da juna daga gaba har baya, kuma a tsayi ɗaya. Ga masu walda: zafi yana jan fallen ƙarfe, don haka a ɗiɗɗiga walda a kusurwoyi tukuna, a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a auna ɗaya ɓangaren, sai awon biyu sun zo ɗaya kafin a cike. A ganinmu bambancin da ya wuce milimita 2 ya isa a warware a sake. Ramukan sukuru masu tsawo da ke jikin layi don gyaran zama aka yi su. A fara ɗaurewa ta nan sako-sako, a tura durowa a ja sau da yawa har ta sami wurin zamanta, sannan a ɗaure ta ramukan zagaye. Kan sukuru kuma kada ya ɗago, domin ko kaɗan ya ɗago zai riƙa karo da gaɓar tsakiya, a ji durowa tana cijewa a wuri ɗaya kullum.

Kabad ɗin da ya fito daga masana'anta lafiya ƙalau yana iya murɗewa a kan daɓen da ba daidai ba. Ƙafa uku a ƙasa, ɗaya a iska, aka zuba masa kilo 120, jikin ya juya kaɗan, durowoyi su fara gogar gefe, sandar makulli da ke sauka ta kulle su duka ta cije, a yi ta murza ɗan makulli har ya karye a ciki. Maganin wannan ƙafafu ne masu zare da ake murzawa. A daidaita dama da hagu da ma'aunin ruwa, a ɗan ɗaga gaba kaɗan yadda durowa ba za ta silalo da kanta ba, kuma a yi haka kafin a zuba takarda.

Mariƙi ma yana da nasa lissafin. Idan durowa tana da faɗi amma ba zurfi, aka ja ta daga gefe ɗaya, sai ta juya ta ciji layi ta kusurwa biyu, kuma ƙara ƙarfi ƙara cijewa yake yi. Shi ya sa mariƙi ya kamata ya zauna a tsakiya, ko ya ratsa faɗin fuskar durowa. Ƙananan mariƙai biyu a gefe da gefe suna tilasta wa mutum hannu biyu, alhali mai neman fayil kusan kullum akwai takarda a hannunsa ɗaya. Ramin mariƙi ya ci yatsu huɗu, kuma a naɗe bakin ƙarfensa. Ƙa'idojin da Amurka ta shimfiɗa a ƙarƙashin dokarta ta masu buƙata ta musamman ta 1990 sun ce abin da ake sarrafawa da hannu ya yiwu da hannu ɗaya, ba tare da damƙa mai ƙarfi ko murɗa wuyan hannu ba, da ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo 2 da ɗan ɗori ba, kuma ya kasance tsakanin santimita 38 da 122 daga ƙasa. Ko a inda wannan doka ba ta aiki, ma'auni ne mai kyau ga mai ƙira. Durowar sama ta kabad mai hawa huɗu tana dab da wannan iyaka, ta mai hawa biyar kuwa ta wuce, har gajeren mutum ba ya ganin sunan fayil sai ya yi ɗage.

Yanzu ga inda sauƙin buɗewa ke jawo haɗari, kuma muna roƙon a karanta wannan da kyau. Durowar da ta fito duka ta fitar da nauyinta gaba da ƙafafun kabad. A ce kilo 30 ne, tsakiyar nauyin yana santimita 30 gaba da ƙafafun gaba. Abin da ke hana kabad kifewa shi ne nauyin da ya rage a baya. Idan durowoyin ƙasa cike suke, babu damuwa. Idan babu komai a cikinsu, jikin kabad kaɗai ke riƙe, kuma da ƙyar yake rinjaye. A buɗe ta biyu, ko mutum ya jingina a kan wadda ke buɗe, sai kabad ya taho, sauran durowoyin su zubo gaba ɗaya saboda santsin boris, a kan ƙirji da ƙafafun wanda ke tsaye. Don haka kabad na kirki yana da abin da ke hana buɗe durowa biyu a lokaci ɗaya. Wasu jerin 'yan sanduna ne a tsaye cikin kwararo a gefe, da gurbin da zai ishi harshen durowa ɗaya tak. Da ta fito, harshenta ya shiga ya cike gurbin, sauran ba su da wurin motsi. Wasu kuma igiyar ƙarfe ce mai sassaucin da ya ishi durowa ɗaya. Yakan faru bayan an ɗauki kabad daga wani ɗaki zuwa wani duk durowoyin su ƙi buɗewa, saboda ɗaya ba ta koma ƙarshe ba. Gyaran shi ne a tura kowacce sosai har a ji ta zauna. Masu gyaran da ke cire wannan na'ura su yar don su huta, suna jefa ran mutum cikin haɗari, kuma bai kamata shugaban ofis ya yarda ba. Kabad mai faɗi yana buƙatar ƙarin nauyi da ake ɗaurawa a bangonsa na baya daga ciki, ko a ɗaure shi da bango. Wajen zuba kaya a fara daga durowar ƙasa, wajen kwashewa a fara daga ta sama.

A cikin durowa, a bar kamar santimita 8 zuwa 10 babu komai, domin yatsa ya sami wurin buɗa fayil. Farantin da ke tokare fayiloli daga baya a matso da shi, in ba haka ba sai su kwanta, su zame, kan wani ya ɗago ya maƙale a bakin kabad. Wannan kaɗai yakan sa a ce durowa ta lalace.

Idan durowa mai boris ta fara tsayawa kafin ta kai ƙarshe, ba lallai ta lalace ba. Fallen da ke riƙe ƙwallaye yana tafiya rabin tafiyar gaɓar da ke kansa, kuma idan kullum rabi-rabi ake buɗe durowa, yakan gusa daga wurinsa a hankali. A ja ta da ɗan ƙarfi har ƙarshe sau biyu ko uku, zai koma. Idan kuma ƙara take yi ko tauri, a kwashe takardun, a ja ta duka, a danna 'yan harsunan roba da ke cikin layi, galibi ɗaya sama ɗaya ƙasa, a zare durowar. A duba kwararon da fitila: kilif da allurar stefula da suka faɗa ciki su ne kan gaba wajen hana ƙwallaye juyawa. A goge tsohon giris da tsumma da ɗan kananzir, a bari ya bushe, a shafa farin giris kaɗan a kan hanyar ƙwallayen. Kada a zuba baƙin mai, domin yana ɗiga a kan takarda, yana kuma tara ƙura ta zama kamar yashi. Wajen mayarwa, a turo fallen ƙwallaye zuwa gaba, a saita gefe biyu tare, a tura a hankali. Turawar farko takan yi tauri. Idan layi ɗaya ya lanƙwashe ko ƙwallayensa sun zube, a canza biyun tare, kada a haɗa sabo da tsoho.

Roƙonmu ga jami'an da ke sayen kayan ofis shi ne su daina karɓar kabad a kan ganin ido. A zo da rim 12, a fara cika durowar ƙasa a gwada, sannan a mayar da su ta sama, mutum ɗaya yana dafe da kabad. A ja da yatsa biyu a ga ko za ta taho. A duba ko bangonta na baya ya iso bakin kabad. Tana buɗe, a ɗan danna gabanta a ga ko tana sunkuyawa, a gwada jan ta biyu a tabbata ta ƙi. A rufe ta a saki, a ga ko za ta zauna ko za ta dawo. A nemi mai kawo kaya ya rubuta nauyin da layin ke ɗauka, ya kuma faɗi ko ana samun irinsa idan ya lalace. A kira akawun da zai riƙa buɗe ta kullum, shi ma ya ja da hannunsa kafin a sa hannu a takardar karɓa.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu ƙera kayan ofis da gyara su