Kalmar wannan makon: idle

Salamu alaikum ƴan uwa masu shirin jarrabawar WAEC. Don Allah a daina haɗa idle da lazy. Lazy shi ne malalaci, ga aiki amma ƙyuya ta hana shi. Idle kuwa wanda yake zaune ba aikin yi, sau da yawa ba da son ransa ba. Ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna da aka rufe, idle suka zama, kuma zalunci ne a kira su lazy. Ana faɗar kalmar har ga inji: direba ya tsaya a tasha, mota a kunne tana shan mai ba ta tafiya. A kula da idol, wato gunki, furucinsu ɗaya ne. Kowa ya turo jimlarsa kafin Juma'a.