Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni ma'anar "chartaceous"

Assalamu alaikum, 'yata.

A taron ɗalibai kin miƙe gaban jama'a kin ce kin ci karo da kalmar "chartaceous" a littafin ilimin tsirrai, ƙamus ɗinki kuma bai ce uffan ba. Tunda a fili kika yi tambaya, ga amsa a fili.

Gyara furucin tukuna: kar-te-shas ake cewa, da "ka", ba "ca" ba. Ana nufin abu mai kama da takarda a hannu, marar kauri, busasshe, mai ƙaras-ƙaras. Ko a Ingila da wuya ki ji ta a bakin mutumin titi. Masana tsirrai ne suka riƙe ta don siffanta ganye ko ɓawo, su raba shi da "coriaceous", wato mai kauri kamar jemammiyar fata. Ki murza ɓawon albasa ko na tafarnuwa, ko ki dubi yadda ɓawon itacen hano ke saɓulewa falle-falle, kin gama fahimtar ta.

Asalinta ne ya fi burge ni. Daga Latin ta fito, daga "charta", su kuma Rumawa wajen Girkawa suka aro "khartes", sunan fallen da ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu mai suna "papyrus". Misirawa kan tsaga kararta, su jera wani a kan wani a gicciye, su danne har ya bushe, su yi rubutu a kai. Kalmar nan ta shiga Larabci ta zama "ƙirɗas". Tana cikin Suratul An'am, aya ta 7, jam'inta "ƙaraɗis" kuma yana aya ta 91.

To, yanzu ki ce "takarda" a hankali. Kin ji "karda" a ciki? Ita ce dai "charta". Ta bi ta Arewacin Afirka ta shiga bakin Abzinawa, suka maƙala mata "ta" ɗinsu na tamata, ta ƙetaro Sahara ta iso mu. Ashe baƙuwar da ta ba ki tsoro 'yar ɗakin takardar da kika rubuta ta a kai ce. Har "kati" ma danginsu ne, sai dai shi ya makara, ta bakin Turawan mulkin mallaka ya zo.

In kin ga "papyraceous" nan gaba kada ki sake tayar da ni tsaye, ma'anarsu kusan ɗaya, ita daga sunan ciyawar kanta aka ciro ta.

Ki gaida mutanen gida.

Malaminki