Kafin a Goge Waƙa, a Duba Abin da Aka Rubuta a Jikinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na jima ina bibiyar shafinku na fasaha, kuma ban saba rubuto muku ba. Abin da ya tashe ni yau shi ne amsar da aka ba wani mai karatu, wanda ya koka cewa albam guda ya rabu gida biyu a manhajar waƙoƙinsa, wasu waƙoƙin kuma sun yi ɓatan dabo. An ce masa ya sa manhaja ta share masu maimaici, sannan ya sake loda komai daga farko. Da na karanta sai gabana ya faɗi, domin ni ganau ne. Wannan hanyar na bi, kuma har yau ban gama dawo da abin da na rasa ba.

Na shafe sama da shekara goma ina kwafe faya-fayan CD zuwa kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya. Wata rana jerin ya ishe ni da ganin suna iri ɗaya sau biyu sau uku, sai na sauko da wata ƙaramar manhajar shara, na danna, ta yi aikinta cikin minti kaɗan. Na ji daɗi ƙwarai. Sai bayan watanni na nemi wata waƙa da aka ɗauka a gaban jama'a, mai tsawon kusan minti bakwai, wadda ake jin tafi da sowa a ƙarshenta. Na danna sunan, sai ga ta sitidiyo mai minti huɗu. Sunansu ɗaya, mawaƙinsu ɗaya, don haka manhajar ta ɗauke su abu guda, ta bar ɗaya ta jefar da ɗaya. Kwandon shara na riga na zubar, faifan kuwa ya karce ba ya karantuwa. Garin gyaran gira na rasa ido.

Abin da na fahimta daga baya, wanda nake so masu karatu su riƙe, shi ne yawancin manhajojin nan ba sauraron waƙa suke yi ba, karatu suke yi. A jikin kowane fayil akwai ɗan rubutu da masu harkar ke kira tag, mai ɗauke da sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan albam, lambar waƙa da shekara. A fayil ɗin MP3 sunan wannan tsari ID3. Na farkonsa ya fito a 1996, bayit 128 kacal (wato wurin harafi 128) a ƙarshen fayil, kuma harafi 30 ya ware wa sunan waƙa, 30 ga mawaƙi, 30 ga albam. Duk sunan da ya zarce haka sai a datse masa wutsiya. A 1998 aka kawo ID3v2, wanda ke zama a farkon fayil kuma ba shi da wannan matsi. Fayil guda na iya ɗauke da tsoho da sabo a lokaci ɗaya, kowanne da abin da yake faɗa, wata manhajar ta karanta wannan, wata ta karanta wancan. Shi ya sa albam zai zauna lafiya a kwamfuta, a waya kuma ya tarwatse.

Mafi yawan rabuwar albam daga gurbi ɗaya take. Akwai gurbin mawaƙin waƙa, akwai kuma gurbin mawaƙin albam, wanda a ID3v2 ake amfani da lambar TPE2 dominsa. Idan waƙa ta uku an yi ta da baƙon mawaƙi, aka rubuta sunaye biyu a gurbin farko, na biyun kuma aka bar shi fayau, manhaja sai ta ɗauka wani albam ne dabam, ta ware masa ɗaki. Albam ɗin da ya tattaro mawaƙa goma sha biyu yana iya fitowa gida goma sha biyu, kowanne da waƙa ɗaya tilo. Babu abin da ya ɓace, babu abin da ya maimaitu. A cike gurbin nan da suna ɗaya a duk waƙoƙin, sai su koma gida guda.

Wani lokaci bambancin ido ma ba ya ganinsa. Na taɓa kwana a kan wani albam da waƙoƙi tara suka zauna wuri ɗaya, biyu suka ware. Na buɗe bayanan gefe da gefe, harafi da harafi, komai daidai. Sai da na kai alamar rubutu ƙarshen sunan na danna maɓallin gogewa sau ɗaya, na ga ba harafin da ya tafi, sannan na gane tazara ce guda ta maƙale a bayan sunan. Haka haruffanmu masu lanƙwasa suke yi: a wurin kwamfuta ƙ da k ba dangin juna ba ne, haka ɗ da d. Wanda ya rubuta rabin albam da ƙ, rabi da k, albam biyu ya rubuta. Tsohon ID3 ma ba a tanadi waɗannan haruffa a cikinsa ba, shi ya sa wani sa'in alamar tambaya ke fitowa a madadinsu. Albam mai faifai biyu kuma, idan ba a cike lambar faifai ba, za a ga waƙa ta ɗaya sau biyu, ta biyu sau biyu, mutum ya rantse maimaici ne.

Sannan akwai albam ɗin da da gaske fitowa biyu ya yi: na asali, da wanda aka sake gyara sautinsa bayan shekaru, da wanda aka ƙara wa waƙoƙi, da wanda aka tsaftace kalamansa don rediyo. Kama da wane ba wane ba ce. Ni a ganina wannan dukiya ce, ba shara ba, kuma mai ita ne kaɗai ya san wanda yake so. Abin da nake yi yanzu shi ne in ƙara shekarar fitowa a ƙarshen sunan albam ɗin, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Ko iTunes, manhajar waƙoƙi ta kamfanin Apple, ya san da wannan bambanci: umarninsa na nuna masu maimaici sunan waƙa da mawaƙi kawai yake dubawa, sai an riƙe maɓallin Shift a Windows, ko Option a tsofaffin kwamfutocin Mac, sannan yake haɗawa da sunan albam. Duk da haka a dubi tsawon waƙar kafin a taɓa komai.

Batun waƙoƙin da suka ɓace kuwa, sau da yawa suna nan daram. Jerin da muke gani a manhaja rajista ce ta adireshi, ba waƙoƙin kansu ba. An canza sunan folda, ko an matsar da ita, ko faifan ajiya na waje da Windows ya ba harafin E jiya yau ya ba shi F, shi ke nan adireshi ya mutu. A iTunes alamar motsin rai ce ke fitowa kusa da waƙar, kuma idan aka nuna masa inda fayil ɗaya yake, yakan nemi izinin lalubo sauran ta wannan hanyar. A nan ne shawarar sake lodi take da haɗari. Wanda ya loda folda alhali tsofaffin adireshi na nan, zai tashi da kowace waƙa sau biyu, ɗaya rayayya ɗaya matacciya, wato maganin ne ya haifi cutar. Wanda kuma ya goge rajistar gaba ɗaya, ya yi sallama da jerin waƙoƙin da ya tsara da hannunsa, da taurarin da ya ba su, da ƙidayar sau nawa ya saurara.

Sauran dalilan gajeru ne. iTunes ba ya karɓar fayil ɗin sauti nau'in FLAC, sai ya tsallake shi ba tare da ya ce uffan ba. A wayar Android, ɗan fayil mai suna .nomedia idan ya shiga folda, manhajojin sauti ba za su ga abin da ke ciki ba. A Windows, adireshin fayil da ya haura harafi 260 yana gagarar tsofaffin manhajoji. Waƙar da ta dushe a manhajar saurare ta intanet kuwa galibi lasisinta ne ya ƙare ko bai shafi ƙasar mai sauraro ba, wannan ba gyaran da za a yi daga gida.

Da ni aka tambaya, da na ce wa bawan Allahn nan ya fara kwafe dukkan foldar zuwa wani faifai dabam, ya cire shi ya ajiye. Bayan haka ya ɗauki albam ɗaya tak ya gwada. Manhajar Mp3tag tana jera bayanan waƙoƙi kamar jadawali, a gyara gurbi ɗaya a waƙa ashirin lokaci guda. MusicBrainz Picard, wanda kyauta ne, shi yana iya sauraron waƙar ta hanyar AcoustID, ya ɗauki hoton yatsan sautin ya nemo sunanta, kuma rumbun bayanan MusicBrainz ya bambanta kowace fitowa ta albam da 'yar'uwarta. Amma shi ma kada a sakar masa ragama. Yana iya zaɓo fitowar wata ƙasa ko wata shekara, don haka a duba yawan waƙoƙin da ya nuna kafin a adana.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sake waiwayar wannan tambaya a fitowa ta gaba, a sanar da mai karatun ya dakata da gogewa idan bai riga ya yi ba. Idan kuma ya yi, ya leƙa kwandon shara tun bai zubar ba, ya daina ajiye sababbin abubuwa a kan faifan har ya gwada manhajar dawo da fayil.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu