Na Kama Tarwaɗar Amurka

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san kana fushi, wata huɗu ban rubuto ba. To ajiye fushin tukuna, labari ne ya kawo ni. Ranar Asabar na kama kifi mai nauyin fam 9, wato kilo 4 da 'yan kai, kuma da fatsa! Kai da kake cika mana baki da jinin Sarkawan Yawuri, yaushe rabonka da ka ɗaga irinsa?

Wani dattijo manomi ne ya bar mu muka shiga gonarsa. A nan Misuri gonaki da yawa suna da kududdufin da aka haƙa don shayar da shanu, sai a zuba kifi a ciki. Wanda suka fi ji da shi sunansa channel catfish, har jihar ta mai da shi kifinta na hukuma tun 1997. Ɗan'uwan tarwaɗa ne, ga santsi, ga gashin baki takwas, amma wutsiyarsa a tsage take kamar bakin almakashi, ƙananan kuma da ɗige-ɗigen baƙi a gefe. Ƙayarsa irin ta ƙurungu ce, in ka riƙe shi da ganganci za ka yi bayani.

Da tana na zo, kamar yadda muka saba a bayan makaranta. Dattijon ya girgiza kai, ya miƙo mini hantar kaza. Kifin nan da duk fatar jikinsa yake jin ɗanɗano, shi ya sa ko ruwa ya gurɓace, ko cikin duhu, wari kawai yake bi. Hanta ba ta zama a ƙugiya, sai ya naɗe ta da zare, ya ɗaura 'yar dalma don koton ya kwanta a ƙasa. Tun bayan la'asar muke zaune, shiru. Na idar da magariba ke nan a kan ciyawa sai na ga kan sandar yana rawa, can ya lanƙwashe gaba ɗaya. Wallahi hannuna har karkarwa yake. Sau biyu ina kawo shi bakin gaɓa yana komawa. A daren muka soya shi da garin masara yadda suke yi, ni kuma na barbaɗa yajin da Hajiya ta ƙullo mini.

Af, wai da gaske ƙanenka ya kai kuɗin gaisuwa gidan su wance? Kuma ba wanda ya faɗa mini?

Batun kiwon kifin da kake son farawa, na yi ta tuna ka. Ka riƙe tarwaɗarmu, kada wani ya ruɗe ka da na waje. Ita tana shaƙar iska kai tsaye, ko a taɓo ta rayu. Na Amurkan nan kuwa in zafi ya yi yawa, iskar cikin ruwa ta ragu da asubahi, sai a wayi gari sun taso matattu. Masu kiwonsa a jihar Misisipi inji suke kunnawa yana kaɗa ruwa cikin dare. Da wace wutar za ka yi wannan?

Ka gaishe da Baba, ka ce ina nan ina addu'ar ƙafar tasa. Yajin ya kusa ƙarewa, in ka sami mai zuwa.

Naka,
Amininka