Wasiƙa Kan Hoton Ƙwaƙwalwar Ƙanenka

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida, ya mai jiki? Saƙonka ya iso har da hoton takardar asibitin. Ka ce likita ya yi bayani a gurguje, kun fito ba ku riƙe komai ba sai fargaba. Bari in warware maka gwargwadon abin da aikin jinya ya koya mini.

Abin da takardar ta kira AVM wasu jijiyoyi ne da suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwa, galibi da su ake haihuwar mutum. Jinin da zuciya ta turo yana faɗawa kai tsaye cikin jijiyar da ke mayar da shi, bai bi ta ƙananan jijiyoyin da ke rage masa ƙarfi ba. Wannan gudun ne ke dukan bangon jijiya har wani gefe ya yi laushi ya kumbura, kamar tiyub ɗin keke da ya sha iska. Kumburin shi ne abu na biyu da likitoci suka gani a hoton ƙwaƙwalwar. A kowace shekara, mutum 2 zuwa 4 cikin 100 masu AVM ne jijiyar ke fashe musu, kuma idan da kumburi a tare, haɗarin yana ƙaruwa.

Wasu abubuwan da ke ƙara haɗarin ba a hannunku suke ba: girman kumburin, musamman in ya wuce milimita 7, ko yana ta wajen ƙeya, ko siffarsa ba sumul take ba, ko an taɓa yin zubar jini a baya. Ka tambayi likitan waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta amsa. Kada kunya ta hana ka.

Abin da ya fi damuna shi ne tabar nan. Na san ƙanen naka, zai ce kara biyu kawai yake sha a yini, shisha kuma ai ba taba ba ce. Taba ce. Hayaƙin yana raunana bangon jijiya, hawan jini kuma yana matsa mata daga ciki, in suka haɗu sai addu'a. Ku sayi na'urar awon jini a gida. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi, wannan ɗabi'ar tamu ta kwantar da mutane da yawa. Maganin tsinka jini kuwa, ko asfirin ne, kada ya sha sai likitan ya sani.

Idan ciwon kai ya sare shi farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, da amai ko sanƙarewar wuya, ko ɓarin jiki ya saki, ko ya faɗi yana farfaɗiya, kada ku tsaya neman fanadol ko cewa iska ce. Ku yi tofin a cikin mota kuna hanyar asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Tun yanzu ku san wane ne ya fi kusa da ku.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda.

Naka,
Amininka