Babana, ka ɗora tukunya

Assalamu alaikum Babana, ya aiki ya zaman birni. Mu nan lafiya lau alhamdulillahi, ruwa ya zauna, babanku kullum yana gona ana noman firi. Auta ce ke danna wayar ina faɗa tana rubutawa, na ce mata ko kalma ɗaya kar ta rage min, dan na ganta tana ta ƙunshe dariya tun ba a je ko'ina ba.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba, kai ne na fari, ko sunanka bakina bai taɓa kamawa ba. To amma abin da na gani da babbar sallah ya fi ƙarfin alkunya. Ka shigo gidan nan wuya duk ya fito, bel ɗinka an ƙara masa huda har biyu, aka kawo maka tuwo da naman kai ka yi loma uku ka dafe ƙirji ka ce wai ka ƙoshi. Da na zo wanke maka kaya kuma sai ga ƙwayoyin maganin ciwon jiki a aljihu. Shiru kawai na yi saboda gidan cike yake da mutane, amma daren nan ban runtsa ba.

Na sa an bugi cikin abokin nan naka da kuka zo tare, ya ce da safe ba ka karyawa, da rana lemon kwalba da biskit, sai ƙarfe goman dare ka je teburin mai shayi a soya maka indomi da ƙwai. Haba Babana. Wannan ai ba ci ba ne, yaudarar ciki ce. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kai kuma aikinka na sito ne, yini kake a tsaye kana ƙirga kaya ana lodi ana saukewa. Na tambayi malamar asibitinmu, ta ce irin waɗannan magungunan na ciwon jiki in ana sha kullum, ballantana ciki ba komai, su kansu suna jawo olsa, in akwai ta kuma su ƙara tono ta. Ka daina sha. Ka samu rana ɗaya ka nemi izini ka je asibiti, ko na Murtala ne, likita ya duba ka sosai, ba yaron kemis ya haɗa maka ja da fari a leda ba. A auna maka jini ma, ka san hawan jini ne ya kwantar da kakanka mai sunanka.

Na san abin da za ka ce, albashi ba ya kaiwa. Na yarda. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi bai dawo ba, kuma mun ji a rediyo a 2024 an ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70, to dubu 70 ɗin ka cire haya ka cire kuɗin adaidaita zuwa Sharaɗa kullum ka ga me ya saura. Amma ka zauna da biro ka haɗa abin da kake miƙa wa mai shayi da mai shago a wata, wallahi sai ka riƙe baki. Wanda yake sayen dafaffe kullum shi ke biya wa wani haya da itace da riba. Mu nan da ba mu da albashi me ya riƙe mu in ba rumbu da tukunya ba? Lokacin canjin kuɗi ai ka gani, masu kuɗi a banki suna layi a POS suna kuka, mu kuwa ko ba sisi mun tuƙa tuwonmu mun ci.

Saboda haka na haɗa maka saƙo. Garin dawa kwano uku na surfa na kai inji da kaina, garin ɗanwake, kuka sabuwar daka mai kore shar ba irin ta kasuwa da ta koɗe ba, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin ƙuli, ɗan man shanu a kwalba, kanwa, da busasshen kifi da Kawunka ya zo da shi daga Haɗejiya. Na saka maka muciya da maburgi da mara. Kar ka ji kunyar ɗaukar su a tasha.

Miyar kuka ita za ka fara koya dan ba ta da wahala kuma ba ta cin kuɗi. Ka ɗora ruwa daidai cikinka, kar ka cika tukunya kamar mai sadaka. Ka daka daddawa da albasa da attaruhu da 'yar citta ka zuba, ka gyara kifin ka cire ƙaya ka jefa, ɗan manja cokali biyu, gishiri da magi. To a nan masu gaggawa suke ɓata miya, sai ka bar shi ya tafasa sosai har warin ɗanyar daddawa ya fita ƙamshi ya taso, maƙocinka ma sai ya leƙo. Sannan ka rage wuta, ka dinga barbaɗa kukar kaɗan kaɗan da hannu ɗaya ɗayan yana burgawa, in ka juye ta gaba ɗaya gudaji za ta yi ko almajiri ya raina ta. Da ta yi kauri ka bar ta minti kaɗan ka sauke, kuka ba ta son daɗewa a wuta. Attaruhun ma ka sassauta tukunna har cikin nan ya lafa, yajin da na aiko ba na yanzu ba ne.

Tuwo kuwa ruwa ya tafasa, ka dama gari kaɗan da ruwan sanyi ka zuba ka yi talge, ka bari ya dahu, sannan ka dinga zuba gari kana tuƙawa har ya haɗe, ka rufe ya sulala. Na farko zai yi maka ruwa ko ya yi gudaji, ka ci abinka haka, nawa na farko a gidan nan kakarku kallo ɗaya ta yi masa ta ce a kai wa awaki. Ka tuƙa da ɗan yawa da daddare ka kwashe malmala biyu ko uku, da asuba ka yi ɗumame, shi kenan ka karya kafin ka fita. Ranar da ka gaji kuma ga ɗanwake, ka kwaɓa garin da 'yar kuka da ruwan kanwa, ka dinga jefawa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ka bar shi ya ƙara dahuwa ka tsame a ruwan sanyi, mai da albasa, an gama. Garau-garau ma ka tuna wake ake fara sakawa ya yi nisa kafin shinkafa.

Kuma kar ka ce min sai ka yi aure mata ta dafa maka. Auren da ko akwati ba ka fara ba, kafin nan ai ka zama tsinke. A islamiyya an karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, to waye kai da za ka ji nauyin riƙe muciya.

In gas ɗin ya gagara ka sayi kurfoti da gawayi, amma a waje za ka hura. Ko sanyi ya kai yaya kar ka shigar da garwashi ɗaki ka rufe ƙofa ka kwanta, hayaƙinsa ba ya wari ba a ganinsa, yana kashe mutum cikin barci. Gidan sauro ma ka ɗaura, damina ce.

Maganar wajen aiki ba ni da ilimin ta, abu ɗaya na sani, kar ka sa hannu a takardar kayan da ba ka ƙirga da idonka ba, ko da oga ne ya ce yi sauri mota na jira. Ranar da kaya suka yi ƙafa hannunka za a nuna ba bakinsa ba. Babanku ya taɓa tsaya wa wani mutum a kan bashin taki saboda kunya, mutumin ya gudu kudu, san nomanmu guda aka kama aka kai kasuwar Gujungu, shekarar nan da fartanya muka yi noma kana goye a bayana. Har yau in aka tuna masa sai ya tashi ya bar wajen.

Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma na waya ɗin nan da ake ba mutum cikin minti biyar ka guje shi. Ɗan wani gida a nan ya ci, da ya makara sai ga saƙo ya shigo wayar kowa har ta liman wai ɓarawo ne, uwarsa sati biyu ba ta fita ko barka ba. Cacar ƙwallo kuwa ba sai na ce komai ba, ka san gidan da ka fito.

Kuɗin da kake turo mana ka rage. Eh ni na ce. Ba za ka zauna da yunwa mu ci da guminka muna murna ba, kuma ba duk wanda ya kira ka daga ƙauye ya ce a taimaka ne za ka tura wa ba, wani ka ba shi haƙuri kawai, in ya ji haushi ya zo ya same ni. Abin da ka rage ka tara, in ya kai ka aiko a saya maka tunkiya in kiwata maka, da kaka kuma a saya maka wake da gero lokacin suna araha a ajiye.

Sai abin da ya fi damuna. Muryarka a waya ta canja, da ka ce lafiya lau sai ka yi shiru, kuma Auta ta ce tana ganinka a WhatsApp ƙarfe biyun dare. Me kake yi ido biyu a lokacin? In wani abu ne yake cin ranka ka faɗa, in kana jin nauyina ga Kawunka nan, ko Gwaggonka ta Kurna, ka dinga zuwa wajenta ran Juma'a ka ci abincin gida ka yi hira da yara. Zaman ɗaki kai kaɗai da waya ba ya barin mutum lafiya. In ka yi miyar ma ka kira abokin nan naka ku ci tare, tuwo ba ya daɗi mutum ɗaya.

Saƙon yana wajen direban nan na garinmu da ka sani, zai shigo tashar Yankaba jibi wajen azahar, buhun da aka ɗaure da jan ƙyalle ne, na biya kuɗin mota kar ya karɓi komai a hannunka. Ka ɗauko hoton tukunyar farko ka turo wa Auta in gani. Kwalbar man shanun kuma ta Gwaggo ce ta aro, in ya ƙare ka dawo min da ita.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Innarka